Tambaya kan Robert Taylor da makarantar Kakata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta kundin kammala digiri kan Robert Robinson Taylor, mai zanen gine-gine, baƙar fata na farko da ya gama jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka, a 1892. Babin Tuskegee, makarantar baƙar fata a Amurka inda ya yi aiki, ya tafi lafiya lau: na samu hotunan gine-ginensa, har da majami'ar da ta ƙone a 1957, wadda aka gina da jan bulon da ɗalibai suka gasa da hannunsu.

A Laberiya na maƙale. Ya je Kakata a 1929 don tsara makarantar Booker Washington, amma sati uku ke nan ina lalube, ko zane ɗaya ban samu ba. Malamina kuwa ya kafe sai da shi. Don Allah wanda ya san inda aka adana zanen, ya taimaka mini.