Fotfoliyon mai rubuta manhaja: kundi ne, rumbu ne, ko baje-koli?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Wanda ya gama digirin kwamfuta bai taɓa aiki a ko'ina ba, abin da kamfanoni ke cewa ya nuna shi ne fotfoliyo, wato samfurin ayyukan da ya yi da kansa. Yaya za mu kira shi da Hausa? "Kundin ayyuka" ya yi?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Kundi kayansa sun yi yawa: kundin digiri, kundin tsarin mulki. Ɗalibi na ji zai ɗauka wanda ya kai wa malaminsa a ɗaure da bango ake nufi.

Injiniya: Gaskiya ne, Malam. Kuma mai ɗaukar aiki ba karatu ya zo yi ba, so yake ya danna ya ga abu yana motsi. Manhaja 2 ko 3 da suka kammala sun fi 20 da aka bari a rabi. Kowace tana buƙatar adireshin da za a buɗe ta a intanet, da fayil ɗin README mai faɗin matsalar da take warwarewa da yadda ake kunna ta, da hoton fuskarta. Ni na fi son "rumbun ayyuka".

Mai duba lamba (mai bitar rubutun manhaja): A bar wa ma'ajiyar GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, sunan rumbu, ya fi dacewa da ita. Rumbu komai ake zubawa, har da ƙaiƙayi. Fotfoliyo zaɓe ne. GitHub ma rumbu 6 kawai yake bari ka maƙala a saman shafinka. Kamar tela ne: ba duk abin da ya ɗinka yake ratayewa a bakin shago ba, sai wanda zai tsayar da mai wucewa. Ina ba da shawarar "baje-kolin aiki".

Tunda maganar ƙaiƙayi ta taso, kuskuren da ya fi yawa shi ne tura fayil ɗin .env, inda ake ajiye saitunan manhaja, zuwa GitHub da makullin sirri a ciki. Goge shi daga baya ba ya magani, don Git, manhajar da GitHub ya dogara da ita, yana riƙe da tarihin kowane sauyi. Sai dai a soke makullin a fitar da sabo, a sa sunan fayil ɗin cikin .gitignore, jerin fayilolin da Git zai ƙyale, tun kafin a fara shigar da fayiloli cikin Git.

Malamin Hausa: Baje-koli ya zauna a baki. Sai dai ba za a rikita shi da taron baje kolin kasuwa ba?

Mai duba lamba: "Aiki" da ke biye da shi ya raba gardama, Malam.

Injiniya: Na janye rumbu. Amma a kula da hajar da za a baje. Manhajar da aka kwafa daga darasin YouTube layi-layi, ana tambayar mutum dalilin layi ɗaya sai ya yi tsit. Gara ƙaramin abu na kanka, misali akwatin bincike da zai gano "ƙasa" ko da "kasa" aka rubuta. Shafin da ba ya buƙatar sabar (kwamfutar da ke sarrafa bayanai a bayan fage) kuma GitHub Pages, sashen GitHub mai ɗora shafuka a intanet, na ɗaukarsa kyauta.

Mai tambaya: To an tsaya: rumbu ga ma'ajiya, baje-kolin aiki ga fotfoliyo. Jam'insa fa?

Malamin Hausa: Koli ba ya son jam'i a nan. A ce "baje-kolin ayyukansu", shi ke nan.