Katangar ƙanƙara a kwarin Piceance: abin da masana suka tsayar kan kare ruwan ƙasa

Tattaunawar masanan ta ta'allaƙa ne kan yadda za a kare ruwan ƙarƙashin ƙasa daga gurɓata a irin gwajin da kamfanin Shell ya yi a kwarin Piceance na jihar Kolorado ta Amurka, inda aka riƙa zura na'urorin lantarki cikin rijiyoyi su gasa dutsen mai a ƙasa har zafi ya kai kusan digiri 350 a ma'aunin Selsiyas, tsawon shekaru, kafin kerojin, wato daskararren sinadarin da ke cikin dutsen, ya zama mai da gas.

Bakin kowa ya zo ɗaya kan cewa a fara auna ruwan tun kafin a kunna komai: a duba gishiri da sinadarai masu cutarwa irin su asinik, seleniyam, benzin da finol. In babu ma'aunin farko, ba mai iya nuna an gurɓata ruwan.

Sai katangar ƙanƙara, wadda ke raba filin da ake gasawa da ruwan ƙasa na waje. Ana haƙa rijiyoyi zagaye da filin, tazarar kamar mita 2.5, a zagaya ruwan sinadarin sanyaya mai digiri 40 ƙasa da sifili a cikinsu har ƙasa ta daskare ta haɗe. Nan ne wahalar take. Inda ruwa ke gudu da ƙarfi cikin tsagar dutse, yana kawo ɗumi, ƙanƙara ta ƙi rufewa. Ruwa mai gishiri kuma ba ya daskarewa da wuri. Rijiyar da ta karkace a zurfi tana barin kafa. Don haka a zuƙe ruwan ciki, a riƙa kwatanta matsayinsa da na waje. In ruwan ciki ya fara dawowa, akwai ɓula.

A bar tazara tsakanin wuta da katanga. Bayan an gama, a wanke dutsen da ruwa sau da yawa, a tace, kafin a bari katangar ta narke. Shell ya janye daga aikin a 2013.