Ƙwaron nan mai ƙona fata: hangara ne, tururuwa ce, ko me?

Baban Nana, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi: Salamu alaikum. Ga hoton abin da muka kama jiya ƙarƙashin ampul ɗin tsakar gida. Siriri ne, bai cika santimita 1 ba: kai baƙi, ƙirji ja, tsakiya shuɗi mai ƙyalli, ciki ja, wutsiya baƙa. Yarona ya wayi gari da ƙuna a wuya, doguwa kamar an ja masa layi da garwashi. Ni dai na ce ɗan hangara ne ya yi masa fitsari.

Mai Lambu, Jiratawa: Alhaji, da girmanka, wannan ba hangara ba ce. Hangara mun san ta kan zangarniyar hatsi lokacin fure, ta fi wannan girma nesa, kuma fukafukanta sun rufe bayanta. Wannan wata irin tururuwa ce, cike take a bakin kwalbatin ruwa a wajenmu.

Ɗalibar aikin gona: Baba, ku duka biyu ku ƙara girman hoton. Ƙahon tururuwa lanƙwashe yake, yana da gwiwa, ƙugunta kuma a tsuke. Na wannan miƙe yake, gaɓa 11. Shuɗin da ke tsakiya fukafukai ne masu tauri amma gajeru, sun bar cikin a waje, na tashi kuma suna naɗe a ƙarƙashinsu. Wannan ita ce alamar dangin Staphylinidae, masu iri fiye da 60,000 a duniya. Na hoton daga zuriyar Paederus yake.

Mai Lambu: Ƴata, to ai na ga yana ɗaga wutsiya sama. Harbi ke nan.

Ɗalibar aikin gona: Barazana ce kawai, ba shi da ƙari. Ba shi da almakashin tsatso a gindi kuma, don wasu da shi suke rikita shi.

Malamar asibiti, Zariya: Maganar fitsarin ce nake so a bari. Ba ya cizo, ba ya fitsari. Gubar, sunanta pederin, cikin ruwan jikinsa take, sai an murje shi a kan fata take fita. Shi ya sa ƙunar ke zuwa a layi, hanyar da hannu ya bi ce. Ba ta bayyana nan take, sai bayan kwana 1 ko 2, mutum ya manta ya taɓa mangare wani abu cikin barci. In a lanƙwasar hannu ne, sai ka ga ƙuna biyu suna kallon juna. Wanda ya sosa ido da wannan hannun, ido ya kumbura. A Kenya sun sha fama da shi bayan ruwan sama mai yawa na 1997 zuwa 1998.

Baban Nana: Hajiya, hangara ma ai ƙuna take yi. Bambancin me ya dame ni? Duk ja da baƙi a kashe, a yi feshi, magana ta ƙare.

Malamar asibiti: Kashewar da hannu ita ce ta kawo mu nan, Alhaji. A hure shi ko a ɗauke shi da takarda, a wanke wurin da ruwa da sabulu maza. Gubar hangara dabam ce, cantharidin, ita tana tsattsafo ta ta gaɓoɓin ƙafa ko ba a murje ta ba.

Mai Lambu: Feshi kam ban yarda ba. In dai wanda nake gani ne, ƙananan ƙwarin da ke cinye mana ganye yake ci.

Baban Nana: To ɗaliba, tunda kin gane shi daga hoto, wane iri ne takamaimai?

Ɗalibar aikin gona: Daga hoto ba mai faɗa maka, Baba. Paederus sabaeus da Paederus eximius duka akwai su a Afirka, launinsu kusan ɗaya. Masana sai sun feɗe namijin, su duba siffar al'aurarsa a madubin ƙara girma. Ka jefa biyu ko uku cikin kwalba da alkol, in kai jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi a gwada.

Baban Nana: Zan ajiye miki. Amma ampul ɗin ƙofar ɗaki yau zan cire shi, tunda haske ke jawo su.

Malamar asibiti: Ka ɗaura wa yara gidan sauro kuma, yaron a kawo shi a duba wuyan.