Wai me za mu kira rivnut da Hausa?

Jama'a masu walda da makanikai ku matso, suna nake nema wa wani ɗan ƙarfe. Rivnut ake ce masa, wasu su ce nutsert. Ɗan guntun bututu ne mai faffaɗan baki, cikinsa da zare irin na noti. Aikinsa a fayif mara kauri ne, irin wanda ake ƙafar tebur da gadon ƙarfe, kaurin milimita 1.2 haka. Noti M6, wato na kusa mai kaurin milimita 6, tazarar zarensa milimita 1 ce, to ka ga in a jikin fayif ɗin za ka yanka zare layi ɗaya da ɗan ɗoriya za ka samu, ɗauri biyu ya cinye, in kuma ka ce bari in yi wa noti walda a kai sai wuta ta huda maka fayif ga fenti ya ƙone. Shi wannan huda kawai za ka yi, milimita 9 in M6 ne, 11 in M8, ka zura shi ka ja, sai jikinsa ya tattare ya kumburo ta bayan ƙarfen ya riƙe gam. Ba sai hannu ya shiga cikin fayif ba. To wane suna?

Wani mai walda: Oga ai noti mai ribiti ne kawai, meye na wahala.

Ni: Maigida, ai na yi wannan tunanin, matsalar ita ce ka aiki yaro kasuwa da sunan nan wallahi ribitin almuniyam zai kawo maka, wanda ake ja sandarsa ta karye. Shi ba zare gare shi ba, in ka buga ka buga kenan. Wannan kuwa duk amfaninsa a ɗaura a kwance ne.

Wani ɗalibi: Turawa suna ce masa makaho, mu ce makahon noti mana.

Ni: A'a ƙanina, wannan bai zauna ba. Su abin da suke nufi ta gefe ɗaya ake saka shi ba a ganin bayan. Bahaushe ya ji makahon noti zai ɗauka wanda bakinsa yake a toshe ne, kuma akwai irinsa ɗin daban.

Mai gyaran keke: Mu dai muna ganinsa a jikin kekunan waje, ramuka biyun nan da ake ɗaura mazaunin gorar ruwa, M5 ne, da yawa shi ne a ciki. In ya saki sai ya dinga juyawa tare da kusar, ba ta ɗauru ba ta kwantu, abin haushi. Ni ɗan juyi nake ce masa 😂

Ni: Baba wannan ai sunan ciwonsa ne ba sunansa ba. Ramin ne ya yi faɗi ko ba a matse shi ya kumbura sosai ba, shi ya sa ake yin mai zane-zane a jiki da mai kusurwa shida.

Wani daga Maraɗi: Mu nan ekuru muke ce ma noti, na Faransa. Amma me zai hana a ce notin dashe? Tunda ba a jikin ƙarfen ya fito ba, rami aka yi aka dasa shi ya kama.

Ni: Yauwa Malam, ka kawo ta. Abin da ya burge ni aikatau ɗin ma ya zo da kansa, dasa min noti huɗu a ƙafar nan, dashen bai kama ba, cire dashen a sake. Abin matse shi kuma madashi. Wanda ba shi da madashi ma zai iya da doguwar kusa da noti da wosha da sufana biyu, ka riƙe kusar ka juya notin har ka ji ya yi tauri, kar dai ka wuce nan don zaren cikin zai tafi. Af, asalinsa ma dashen ne, kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930 don ɗaura robar da ke fasa ƙanƙara a fukafukan jirgin sama, inda ƙarfen ba kauri kuma ba damar kaiwa bayansa.

Mai walda: To notin dashe ɗin. Amma a shago sai ka nuna hoto tukuna, in ba haka ba su ce babu.