Tsuntsun ci-rani ko mai ƙaura? A taya ni yanke hukunci

1/ Assalamu alaikum. Jiya na zauna fassara wani ɗan bayani a kan tsuntsun ruwa da Turawan Ingila ke kira "black-tailed godwit", kalma uku suka tsaya mini a maƙogwaro: "migratory", "habitat" da "Near Threatened". Ga inda na kwana, mai gyara ya gyara.

2/ Tsuntsun tukuna. Dogayen ƙafafu, dogon baki miƙaƙƙe kamar tsinke, wutsiya baƙa. Yana yin ƙwai a makiyaya masu laima na Turai, musamman Holand, inda suka zaɓe shi tsuntsun ƙasa a 2015. Idan sanyi ya matso sai ya gangaro Afirka ta Yamma: gonakin shinkafar Senegal da Gini-Bisau, fadamun kogin Kwara a Mali, wasu har yankin tafkin Chadi da dausayin Haɗeja da Nguru. A can tsutsa yake tono, a nan har shinkafar da ta zube yana tsinta.

3/ "Mai ƙaura" aka saba rubutawa, ni kuwa ba ta kwanta mini ba. Wanda ya yi ƙaura ya kwashe komatsansa ne, ya bar kango. "Hijira" ta fi nauyi, ko addini ko gudun yaƙi. Wannan kuwa zuwa yake bayan damina, ya ci arziki, kafin ruwan fari ya koma gida ya yi iyali. To me ya raba shi da ɗan ƙauyenmu da ke zuwa Kano bayan girbi ya yi ga-ruwa, ya koma da fartanya in hadari ya taso? Na rubuta "tsuntsun ci-rani".

4/ Wani dattijo, tsohon malamin Hausa, ya tare ni. Ya ce, "Ɗana, to shamuwa fa? Da damina take zuwa, ta yi sheƙa a kan tsamiyar gari, ta ƙyanƙyashe a nan. Ci-ranin me ta zo?" Na ce Baba, ka kama ni. Gaskiya ne: shamuwa nan ne gidanta, ranin take zuwa ci a gabashi da kudancin Afirka. Sai dai da na sake juya maganar, ai ita ma 'yar ci-rani ce, mu ne garin da take barowa. Ya yi dariya ya ce wayo na yi masa, amma bai ƙi ba.

5/ "Habitat": muhalli ta riga ta zama ta ma'aikatar muhalli da kwashe shara. Na ɗauki "mazauni". Wurin da yake cin ranin kuwa, wani ɗan'uwa makiyayi ya ba ni "mashekari", inda Fulani ke sauka da shanu su yi kwanaki kafin su tashi. Wallahi ta zauna daram.

6/ Mashekarin kuma shi ne abin dubawa. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Na taɓa shiga kwalekwale a gefen Nguru, mai tuƙin yana ture kacalla da gora, ta fi tsayin mutum, ba ka ganin komai sai sama. Tsuntsun da ke neman taɓo da ruwa iya ƙauri ina zai dira a nan? A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin Ramsar, yarjejeniyar kare dausayi ta duniya da aka ƙulla a Iran a 1971. Amma babban ciwon wannan tsuntsu a Turai yake: an tsotse ruwan makiyaya, injin yankan ciyawa na shiga da wuri ya bi ta kan ƙwai da 'yan tsaki.

7/ Saura "Near Threatened", matakin da IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa shi tun 2006. Na ga an rubuta "kusa da barazana", wannan Turanci ne da hula. Bahaushe "nema" yake cewa: gini na neman faɗuwa, yaro na neman kuka. Don haka: "irinsa na neman shiga haɗari". Shi kansa "conservation status" na bar "matsayin kiyayewa", na ce "halin da irinsa ke ciki".

8/ Ga jimlar da zan miƙa gobe da safe, in ba wanda ya ja: "Tsuntsun ci-rani ne na ruwa, mazauninsa makiyayan Turai, mashekarinsa fadamun Afirka ta Yamma, kuma irinsa na neman shiga haɗari." Masunta da manoman shinkafa na Nguru, Gashuwa da Haɗeja, ku da kuke ganinsa kowane hunturu, ku ajiye mini sunan da kuke kiransa da shi a ƙasa, in sa shi a kan gaba.