Shawarwari kan yadda za a tuna da iyayenmu mata a Zuru

A tattaunawar da matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, suka yi a Zuru bayan jana'izar wata dattijuwa mai bi, shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a rubuta tarihinta tun tsararrakinta suna raye, domin su ne suka san marayun da ta riƙe da hatsin da ta riƙa fitarwa daga rumbunta a lokacin bazara ba tare da ta faɗa wa kowa ba. A ganina wannan ya fi lissafin 'ya'ya da jikoki muhimmanci nesa ba kusa ba.

Wasu sun ce a ɗauki muryoyin 'ya'yanta a waya suna rera waƙoƙin da take yi da Hausa da C'lela, harshen Dakarkari. Matar fasto ta ba da shawara a karanta Karin Magana 31 da 2 Timoti 1:5, inda aka ambaci bangaskiyar Loyis, kakar Timoti.

An yi gargaɗi kada a ci bashi saboda anko ko abincin taron tunawa da ita. An kuma nanata cewa a gayyaci danginta Musulmi, tunda a ƙasar Zuru gida ɗaya yakan haɗa addinai biyu, a kuma raba wa 'ya'yanta nauyin karatun yaran da suke hannunta kafin ta rasu.