Uwar ce ko kakar? Muhawara kan Flowers in the Attic

Hajiya Binta: Jiya na gama littafin nan na V. C. Andrews da ya fito a 1979, kuma ni dai a wurina Corrine, uwar yaran, ta fi kakarsu mugunta nesa ba kusa ba. Miji ya rasu a haɗarin mota, bashi ya yi mata katutu, sai ta kwashi 'ya'yanta huɗu zuwa gidan iyayenta a jihar Bajiniya ta Amurka, ta ɓoye su a ɗakin sama, wai kwana kaɗan ne kafin mahaifinta ya mayar da ita cikin magada. Kwana kaɗan ya zama shekara uku da ɗoriya.

Malam Sani: Hajiya, kin yi wa tsohuwar sassauci. Kakar tasu Olivia ce ta zane su da bulala, ta zuba wa Cathy, babbar 'yar Corrine, kwalta a gashi, ta hana su abinci kwana da kwanaki. Laifinsu kawai uwarsu ta auri ɗan'uwan mahaifinta. Su suka ɗaura auren?

Zainab: Baba, ai tsohuwar tun daren farko ta nuna musu ba ta ƙaunarsu. Uwar ce ke shigowa da tsaraba da daɗin baki, ta fita ta kulle ƙofa. Har sabon aure ta yi, ta tafi yawon amarci Turai, suna nan suna jiranta.

Malam Sani: Tsoron talauci ne, 'yata. Mace ba sana'a, ga marayu huɗu.

Hajiya Binta: Malam, tsoron talauci ne ya sa ta barbaɗa gubar asinik a cikin sukarin donot? Cory, ɗaya daga cikin tagwayen 'ya'yanta, gubar ce ta ci ransa. Kakan ma ya riga ya mutu da watanni ba ta faɗa musu ba, don wasiyyarsa ta ce in aka gano ta haihu a aurenta na fari, gadon ya kuɓuce mata.

Malam Sani: To wa ke hawa da kwandon abincin kullum safiya? Hannun tsohuwar na ciki dumu-dumu.

Zainab: Yana ciki, Baba. Amma ni abin da ya hana ni barci shi ne Chris, babban wan, da ya daɗe yana kare uwar tasu duk lokacin da Cathy ta zarge ta, sai da suka ba ɓeran da Cory ke kiwo guntun donot suka ga ya mutu.